Gwajin jinotayif: wanne ya dace da masu shirin aure, wanne ya dace da jariri, wanne ƙaramin asibiti zai saya

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure a Jihar Kano, kuma gwajin jinotayif yana ciki tare da na ƙanjamau da na ciwon hanta. Tun kafin dokar ma, waliyyai da limamai a garuruwa da yawa sun fara cewa a kawo takarda. Sai dai harufa biyun da ke kan takardar ba su da nauyi idan ba a san hanyar da aka bi aka samo su ba. Shi ya sa ake ganin mutum ɗaya da takarda biyu, wannan ta ce AA, waccan ta ce AS. Ko ma'aurata da aka tabbatar musu ba matsala su haifi ɗa mai amosanin jini, gida ya rikice da zargi. Jinotayif gado ne, yadda aka haifi mutum haka zai koma ga Mahaliccinsa, in ban da wanda aka yi wa dashen ɓargo. Abin da ke bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan shi ne irin gwajin da hannun da ya yi shi.

Hanyoyin da ake samu a asibitocinmu shida ne: gwajin gilashi, gwajin kwalba, gwajin lantarki, na'urar HPLC, tsinken gaggawa irin su HemoTypeSC da SickleSCAN, sai ƙaramar na'urar Gazelle. Uku na farko tsofaffi ne. Tsinkayen gaggawa da Gazelle kuwa sababbin shigowa ne, kuma wani ɓangare mai yawa na binciken da ya tabbatar da su a Najeriya da Ghana aka yi shi.

Abin da ake nema a cikin jinin

Duk gwaje-gwajen nan himogulobin suke dubawa, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iska. Harufa biyun jinotayif nau'o'insa ne da mutum ya gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba: mai SS yana da cutar, mai AS kuwa ɗauke da gadonta kawai yake. A shi ne na yau da kullum. S shi ne wanda idan iska ta yi ƙaranci yake daskarewa ya lanƙwasa ƙwayar jini. C wani nau'i ne daban, shi kaɗai bai cika damun mutum ba, amma idan ya haɗu da S sai a sami SC, wadda ita ma amosanin jini ce. F kuma shi ne na jarirai: a ranar haihuwa kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na himogulobin ɗin jariri F ne, yana raguwa a hankali, bayan wata shida ya yi ƙasa sosai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya sami kusan kashi 20 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar AS ne, kusan kashi 2 AC, kusan kashi 1 kuma suna da cutar. C ya fi yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, don haka Hausawan zango a Kumasi ko Tamale ba za su yi wasa da shi ba.

A kula, rukunin jini daban, jinotayif daban. Wanda aka tambaye shi jinotayif ya ce shi O ne, ba a yi masa gwajin da ake magana a kai ba.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma shi ne babba: gwajin yana raba AS da SS, kuma yana ganin C? Gwajin da ba ya yin wannan ba gwajin jinotayif ba ne, komai sunan da aka rubuta a rasit. Na biyu, shekarun wanda za a gwada, saboda yawan F a jinin jariri yana ruɗa wasu hanyoyin. Na uku, juriya: me gwajin yake buƙata na wuta da firji, kuma kayan aikinsa za su iya da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maradi? Na huɗu, yawan dogaronsa da ƙwarewar ma'aikaci, domin wani gwajin komai ingancinsa a littafi, gajiyayyen ma'aikaci a ƙarshen yini zai ɓata shi. Na biyar kuɗi, kuma kuɗi kashi biyu ne: na sayen na'ura, wanda ya shafi mai asibiti, da na kowane gwaji, wanda ya shafi mai biya. Na ƙarshe, idan gwajin ya yi kuskure, wane irin kuskure yake yi? Cewa mai AA AS ne yana iya raba aure a banza. Cewa mai AS AA ne, ko cewa jariri mai SS lafiyarsa ƙalau, shi ne ke kai wa ga asarar rai.

Akwai abu ɗaya da ya shafi dukkansu. Jar ƙwayar jini tana kai kwana 120 a jiki, don haka wanda aka yi wa ƙarin jini yana ɗauke da himogulobin ɗin wani. Mai SS da aka ƙara masa jinin mai AA yana iya fitowa AS a kowace na'ura. Sai a jira wata uku zuwa huɗu.

Gwajin gilashi

Wannan shi ne wanda a Nijar da Kamaru da Chadi ake rubutawa Test d'Emmel a takarda. Ana ɗiga jini a kan gilashi, a gauraya da ruwan sodiyam metabisalfait mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a rufe da ƙaramin gilashi, a toshe gefensa da basilin don kada iska ta shiga. Bayan kamar rabin awa zuwa awa ɗaya a duba a madubin likita, idan ba a ga komai ba a sake dubawa washegari. Idan akwai S, ƙwayoyin za su lanƙwashe.

Shi ne mafi arha, kuma duk inda akwai madubin likita za a iya yin sa. Amma amsarsa biyu ce kacal: akwai S ko babu. AS da SS da SC duk amsa ɗaya suke bayarwa, mai AC ko CC kuma ya wuce kamar mai AA. Ruwan maganin dole a haɗa shi sabo kowace rana, wanda ya kwana ya rasa ƙarfinsa, ƙwayoyin ba za su lanƙwashe ba, a ce wa mai AS babu komai. Haka idan ba a toshe gefen gilashin da kyau ba. Ga jariri kuma ba shi da amfani. Duk wanda ya yi wannan gwajin ya rubuta AA ko AS a takarda, ƙiyasi ya yi.

Gwajin kwalba

Ana zuba kamar maikurolita 20 na jini cikin mililita 2 na ruwan magani mai ɗauke da sodiyam ditiyonait a ƙaramar kwalba, a jira kamar minti biyar, a ɗaga kwalbar gaban takarda mai baƙaƙen layuka. Idan ruwan ya gurɓace har ba a ganin layukan, akwai S. Ya fi gwajin gilashi sauri, ba ya buƙatar madubi ko wuta, amma gurguntarsa iri ɗaya ce: ba ya raba AS da SS, ba ya ganin C. Idan S bai kai kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na jinin ba, ruwan ba ya gurɓacewa, shi ya sa yake yin ƙarya a kan jarirai. Mai ƙarancin jini sosai ma yana iya fitowa babu, sai an ninka yawan jinin da aka zuba. Mai yawan kitse ko furotin a jini kuma yana iya fitowa akwai alhali babu. Ruwan da aka riga aka haɗa firji yake so, kuma yana da wa'adi.

Duk da haka kada a jefar da shi. Yana da aiki ɗaya mai daraja, za a zo kansa a ƙasa.

Gwajin lantarki

Wannan shi ne ilaktiroforesis, kuma mafi yawan takardun jinotayif da ke hannun mutane a Najeriya daga gare shi suka fito. Ana wanke jajayen ƙwayoyin da ruwan gishiri sau uku, a fasa su da tataccen ruwa, a ɗora ɗan kaɗan a kan wata farar takarda ta musamman da aka jiƙa da ruwan bafa, wato ruwan sinadarin da wutar ke bi ta cikinsa, mai ma'aunin pH 8.4 zuwa 8.6, a sa a tanki, a kunna wuta na minti 20 zuwa 30. Abin kamar tsere ne: A ya fi kowa nisa, F na biye da shi dab da dab, sai S, sai C a can baya. Inda kowane layi ya tsaya shi ake karantawa.

Idan aka yi shi yadda ya kamata, gwaji ne mai kyau ga babba. Tankin da na'urar wutar ba su kai ko kusa da kuɗin HPLC ba, suna shekaru suna aiki, kuma a takarda ɗaya ana gwada mutane da yawa, shi ya sa kuɗin kowane mutum yake sauƙi. Matsalar ita ce wuraren da ake iya yin kuskure sun yi yawa, kuma ba na'urar da za ta yi ƙara ta ce an yi.

Ruwan bafa da aka daɗe ana maimaitawa ma'auninsa yana zamewa, layukan su matse da juna. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, ko ƙarfinta ya yi ƙasa, A da S ba su gama rabuwa ba, ido ya ga layi ɗaya mai kauri, a rubuta AA. Idan aka cika jini da yawa a wurin ɗorawa, layukan su baje su shiga juna. Jinin da ya kwana biyu a zafi yana ba da wutsiya maimakon layi. Idan ba a rina takardar ba, layi mai rauni yana ɓacewa. Ga kuma kuskuren jera samfura, inda jinin mutum na uku ya zauna a gurbin na huɗu. Maganin mafi yawan waɗannan shi ne jinin ma'auni, wato jinin da aka riga aka san yana ɗauke da A da F da S da C, a ɗora shi a kowace takarda, kowane zagaye. Ɗakin gwajin da ba ya sa shi da ido yake auna nisa. Tambaya ce da kowa zai iya yi kafin ya biya kuɗi, kuma ƙwararren ma'aikaci ba zai ji haushinta ba.

Akwai kuma iyakokin da ko ƙwararre ba zai tsallake ba. F yana tsayawa kusa da A, saboda haka jariri mai SS, ko babban yaro mai SS da F ɗinsa ya yi yawa, yana iya fitowa AS. Wasu nau'o'in da ba su da yawa, D da G, a gurbin S suke tsayawa. E da O-Arab, wanda ake samu a Sudan, a gurbin C suke tsayawa. A nan ne gwajin kwalba yake da rana: idan layi ya tsaya a gurbin S, a tabbatar da kwalba. Ruwa ya gurɓace, S ne. Bai gurɓace ba, wani nau'i ne daban, a tura gaba. Haɗa waɗannan biyun ƙarin kuɗi kaɗan ne, amma yana ɗaga darajar takardar sosai.

Na'urar HPLC

Ita ce ake auna sauran da ita a bincike. Na'ura ce ke zuƙar jinin, ta bi da shi ta cikin wani bututu, kowane nau'in himogulobin ya fito a lokacinsa, ta buga sakamako da lissafin kashi-kashi. Samfuri ɗaya kamar minti shida yake ɗauka a na'urorin Bio-Rad da aka fi sani.

Fifikonta yana cikin wannan lissafin. Mai AS na gaskiya A ɗinsa ya fi S yawa, S yakan tsaya wajen kashi 35 zuwa 40. Idan aka ga S ya fi A yawa a wanda ba a yi wa ƙarin jini ba, to ba AS ba ne, haɗuwar S ce da wata larurar gado mai suna bita-talasimiya, kuma wannan cuta ce mai buƙatar kulawa kamar SS. Sannan HPLC tana auna wani ƙaramin nau'i mai suna A2. Idan ya haura kashi 3.5 a mutumin da ya fito AA, alama ce yana ɗauke da gadon bita-talasimiya. Irin wannan mutumin duk sauran gwaje-gwajen AA za su ce masa, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Ba ta da yawa a ƙasar Hausa kamar S, amma tana nan, kuma tana cikin bayanan da ke warware rikicin ɗan da ya fito SS alhali uba AA ne a takarda. Kafin a zargi mace, a duba wannan, a kuma sake gwada iyayen biyu.

Kuɗin na'urar dubban daloli ne masu yawa, ruwan aikinta daga waje yake zuwa da dala, wasunsa firji suke so, tana buƙatar wuta tsayayya da ɗaki mai sanyi da injiniya. Idan ta lalace tana iya yin watanni a rufe. Shi ya sa sai a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kuma kuɗin gwajin ya ninka na lantarki sau da yawa. Ita ma tana son mai fassara: E yana fitowa tare da A2, kuma a jinin mai S lissafin A2 yakan ɗan haura yadda yake.

Shirye-shiryen gwajin jarirai, kamar wanda marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara a Kumasi a 1995, suna ɗiban jinin dunduniya a kan kati, ya bushe, a aika babban ɗakin gwaji. Katin sai ya bushe a shimfiɗe a inuwa na aƙalla awa uku kafin a sa a ambulan, zafi da laima kuma suna lalata shi a hanya. Babban gibin wannan tsarin ba na kimiyya ba ne. Sakamako yana fitowa bayan makonni, uwa ta koma ƙauye, lambar wayar da aka rubuta ba ta shiga.

Tsinken gaggawa

Waɗannan suna kama da tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma su ne suka canza lissafi ga asibitocin karkara. Ba wuta, ba firji, ba na'ura.

HemoTypeSC ɗigon jini ɗan mitsitsi yake so, kamar maikurolita 1.5. Ana zuba ɗigo shida na ruwa mai tsabta a ƙaramar kwalbarsa, a taɓa jinin da ɗan sandan ɗiba, a juya sandan cikin ruwan har ya yi ja-ja, a tsoma tsinken, a jira minti 10. Karatunsa a juye yake, kuma a nan ake faɗuwa: layin da ya ɓace shi ne himogulobin ɗin da mutum yake da shi. Idan layin A da na S suka ɓace, na C ya fito, mutumin AS ne. Ma'aikacin da hannunsa ya saba da tsinken zazzaɓi zai karanta akasin haka idan ba a horar da shi ba. A manna hoton karatun a bango, kuma mutum biyu su duba duk sakamakon da ba AA ba. Idan layin tabbatarwa bai fito ba, tsinken ya lalace, a sake.

SickleSCAN jini maikurolita 5 yake so, a gauraya a ruwan da ya zo da shi, a ɗiga biyar a kan faifan, a karanta bayan minti biyar. Nasa karatun kai tsaye ne, layin da ya fito shi ne abin da ke akwai. Ya fi HemoTypeSC tsada. Da shi aka yi binciken ƙasa na 2018 da aka ambata a sama.

Shaidar da ke bayansu tana da ƙarfi. Binciken da aka wallafa a 2019 a kan mutane daga Ghana da Martinik da Amurka ya nuna HemoTypeSC ya dace da gwajin babban ɗaki a fiye da kashi 99 cikin 100. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada shi a kan jarirai sama da dubu a sassan Najeriya, daga baya kuma suka shigar da shi layin allurar rigakafi a ƙananan asibitocin Gwagwalada, inda aka gwada jarirai 3,603, aka sami 51 masu SS, aka wallafa a 2020. Darasin wannan aikin shi ne ma'aikatan rigakafi na yau da kullum sun iya yin gwajin, kuma uwa ta ji sakamako kafin ta ɗaura goyonta. F ba ya ruɗa waɗannan tsinkayen, don haka suna aiki tun makon haihuwa. Farashin HemoTypeSC a sari ya kasance wajen dala 2 kowane ɗaya, na naira kuma yana bin dala da yawan hannun da ya ratsa.

Iyakarsu: A da S da C kawai suke gani, kuma ba sa lissafi. Mai ɗauke da D ko bita-talasimiya AA zai fito. Mafi haɗari shi ne yaron da ya haɗa S da nau'in bita-talasimiya mai barin ɗan A kaɗan, tsinke zai ce AS, alhali yana da cutar. Yaron da aka ce AS ne amma yana yawan ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa, rawayar ido ko ƙarancin jini, kada a tsaya kan takardar tsinke. Sannan rashin buƙatar firji ba izini ba ne na barin kwalin a bayan mota ko ƙarƙashin kwano da rana tsaka. A ajiye a inuwa, a rufe marufin da zarar an ciri tsinke, a duba ranar ƙarewar wa'adi.

Gazelle

Gwajin lantarki ne da aka ƙanƙantar cikin ɗan akwati mai batir. Ana gauraya jinin da ruwan alama, a ɗora a faifai na amfani sau ɗaya, na'urar ta yi aikin cikin kamar minti takwas, ta karanta da kanta, ta nuna kashin kowane nau'i a allo ta kuma adana. Fasahar daga Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka ta fito, kuma yaran Kano suna cikin waɗanda aka gwada ta a kansu kafin ta shiga kasuwa a 2020. Ta cire idon ma'aikaci daga karatu, ta cire tsohon ruwan bafa, ta jure ɗaukewar wuta. Tana nuna yawan F, abin da ke da amfani ga likitan da ke bin yaro mai shan haidiroksiyuriya, maganin amosanin jini da ke ƙara yawan F. Amma sai an sayi na'urar, faifanta daga kamfani ɗaya yake zuwa, samfuri ɗaya take yi a lokaci guda, kuma ta gaji rauni ɗaya na gwajin lantarki: nau'o'in da ke tsayawa a gurbi ɗaya, kamar C da E, ba ta raba su. Kafin a saya, a tabbatar da wakilin da zai riƙa kawo faifai, in ba haka ba ado za ta zama a kan tebur.

| Gwaji | Raba AS da SS | Ganin C | Jariri ƙasa da wata 6 | Wuta da firji | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Gilashi | A'a | A'a | A'a | Madubin likita | Mafi arha | Tsohon magani ya ɓoye S |
| Kwalba | A'a | A'a | A'a | Firji ga ruwan | Arha | Ƙarancin jini ya ɓoye S |
| Lantarki | E | E | Ba abin dogaro ba | Wuta tsayayya | Matsakaici | Kuskuren hannu da ido |
| HPLC | E, da lissafi | E | E | Wuta, sanyi, firji | Mafi tsada | Nisa, jinkiri, lalacewar na'ura |
| Tsinken gaggawa | E | E | E | Babu | Sauƙi | Karatu a juye, ba ya ganin talasimiya |
| Gazelle | E, da lissafi | E, a haɗe da E | E | Cajin batir | Na'ura da faifai | Yankewar faifai |

Wa ya kamata ya zaɓi me

Masu shirin aure su cire gwajin gilashi da na kwalba daga lissafi gaba ɗaya. Mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne gwajin lantarki a ɗakin da ke sa jinin ma'auni, ko tsinken gaggawa a hannun wanda aka horar. Abin da ya fi shi ne hanyoyi biyu mabambanta, misali tsinke da lantarki, domin kurakuransu ba iri ɗaya ba ne. Maimaita lantarki sau uku a ɗakuna uku masu irin sakaci ɗaya bai kai wannan ba. Idan ɗaya daga cikin masu auren ya fito AS ko AC, to takardar ɗayan mai AA ce take ɗauke da duk nauyin auren, ita ya kamata a kashe wa kuɗin HPLC, musamman idan akwai mai amosanin jini a danginsa, ko gwajin ƙidayar jini ya nuna ƙwayoyinsa ƙanana ne, ma'aunin MCV ƙasa da 80. A yi gwajin tun ana neman aure, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kowa kuma ya je da kansa da katin shaida a ɗebi jininsa a gaban ma'aikaci. AS da AS, ko AS da AC, yiwuwar ɗaya cikin huɗu ce a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba: ana iya haihuwar uku a jere duk da cutar.

Jariri, musamman wanda iyayensa duka masu ɗauke da S ko C ne, ko aka taɓa haihuwar mai cutar a gidan, tsinken gaggawa a ranar rigakafin farko shi ne zaɓi. Idan ya nuna SS ko SC, a tabbatar da HPLC, amma kada a jira tabbacin kafin a kai shi asibitin masu amosanin jini. Dalilin gaggawar shi ne penisilin na kullum da ake fara ba jarirai masu cutar tun suna wata biyu zuwa uku, wanda binciken 1986 a Amurka ya nuna ya rage mummunar cutar ƙwayoyin nimoniya a jini da kashi 84 cikin 100. Ga kuma gwajin jijiyoyin kai tun daga shekara biyu, da haidiroksiyuriya, wanda binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna ya nuna ana iya amfani da shi a nan don kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Duk wannan ba ya samuwa ga yaron da ba a san yana da cutar ba.

Ƙaramin asibiti ko wurin haihuwa da ba shi da tsayayyar wuta, tsinken gaggawa, tare da yarjejeniya da babban asibiti mafi kusa don tura samfura masu rikitarwa. Ɗakin gwaji a gari mai yawan masu neman takardar aure, gwajin lantarki har yanzu shi ne mai riba, da sharaɗin inbata ko sola, sabon ruwan bafa, jinin ma'auni a kowane zagaye, da kwalba don tabbatar da kowane layin S. Asibitin da ke da rana ta musamman ta masu amosanin jini amma ba shi da ƙarfin HPLC, Gazelle ce ta fi cike masa gurbi.

Wanda yake da takardu biyu masu karo da juna, HPLC kai tsaye, kuma ya tafi da takardun duka biyu. Wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai har ba ya samun tazarar wata uku, ko mai ciki da ke son sanin jinotayif ɗin abin da ke cikinta, gwajin ƙwayar halitta ta DNA ne kaɗai zai amsa, tunda shi ba himogulobin yake dubawa ba. Na ciki ana ɗibar samfurin mahaifa ne wajen mako 11 zuwa 13, a cibiyoyi ƙalilan irin Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Legas, kuma sai an zauna da likita tukuna an fahimci ɗan haɗarin ɓari da ke tattare da shi.